Rigar sanyi mai kitso: littafin aikin zare da tsinke

2 ga Satumba

Yau na buɗe wannan littafi saboda rigar sanyin da na daɗe ina zanawa a takarda. Wannan karon ba tsarin wani zan bi ba, nawa nake so in fitar: riga mai dogon hannu, zagayen ƙirji santimita 100, tsawo 60, da kitso guda mai faɗi da zai taso daga bakin riga har wuya ta gaba. Sauran jikin saƙa ce miƙaƙƙiya, babu ado. Kitson shi ne rigar, in bai fito ba aikin bai yi ba.

Shi ya sa ban sayi zaren riga ba tukuna. Curi ɗaya-ɗaya na ɗauko na iri biyar, kowanne giram 50: auduga mai sheƙi, akirilik (zaren roba), gashin alfaka (wata dabba dangin raƙumi), ulun merino (wata irin tunkiya mai laushin gashi) mai jure injin wanki, da ulun tunkiya na gargajiya mai sili huɗu wanda ba a yi masa komai ba bayan rini. Dukkansu lamba 3 aka buga a takardarsu. Lambar nan ta ƙungiyar Craft Yarn Council ce ta Amurka, wadda ta jera kaurin zare daga 0, mafi siranta, zuwa 7, mafi kauri. Lamba 3 ana sa ran ya ba da ido (kowane madaukin zare da ke kan tsinke) 21 zuwa 24 a santimita 10 da tsinke milimita 3.75 zuwa 4.5.

Amma da na jera takardun, tsawon zaren bai zo ɗaya ba ko kusa. Audugar mita 100, alfaka 110, ulun nan biyu 120 kowanne, akirilik 140. Nauyi ɗaya, lamba ɗaya, tazarar mita 40. Auduga ta fi ulu nauyi, ulu ya fi akirilik, don haka duk wanda ya yi lissafin zare da yawan curi kawai zai sha mamaki a tsakiyar aiki. Mita ake ƙirgawa.

5 ga Satumba

Ƙyallen gwaji biyu sun sauka daga tsinke, na auduga da na akirilik. Kowanne santimita 15 a kan 15, rabi miƙaƙƙiyar saƙa, rabi kitso, da tsinke milimita 4. Audugar ta gajiyar mini da yatsu. Ba ta ja ba ta saki, duk lokacin da zan tsallakar da ido huɗu a kan huɗu sai na yi kokawa da ita.

8 ga Satumba

Sauran ukun sun kammala. Na ɗaura wa kowane ƙyalle ɗan zare da ƙulli gwargwadon lambar tsinken da na yi amfani da shi, na auna kowanne kafin ya ga ruwa, na rubuta. Gobe wanki.

10 ga Satumba

Gani ya kori ji. Jiya kafin wanki, da an tambaye ni, merino zan zaɓa ido rufe. Laushinsa kamar kumatun jariri, kitson ya tashi ɓul-ɓul, ido 22 cif a santimita 10. Na jiƙa shi minti 20 a ruwa mai ɗumi, na naɗe a tawul, na shimfiɗa. Da safe na auna: ido 20. A ɗan ƙyalle wannan ba ya kama ido, amma a riga mai ido 220 ya mayar da santimita 100 zuwa 110 ke nan, ga tsawo ma ya ƙaru. Dalilin a jikin gashin yake. Gashin tunkiya yana da ɓawo-ɓawo ƙanana kamar na jikin kifi, su ne ke kama juna. Su ke sa ulu ya cukurkuɗe ya motse idan ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa, kuma su ne ke riƙe saƙa a inda aka ajiye ta. Domin ulu ya jure injin wanki, ana goge ɓawon da sinadarin kulorin, sannan a lulluɓe gashin da wani siririn rufi na roba. An raba shi da motsewa, an kuma raba shi da riƙo. Sai ya zama idanun suna zamewa a kan juna, saƙar ta saki jiki.

Alfakar kuwa ta ba ni tausayi, don kyanta ba a magana. Dabbar tsaunukan Andes ce, mafi yawanta a ƙasar Peru, gashinta ya fi na tunkiya ɗumi, ga santsi. Amma ba shi da wannan lanƙwasa ta ulun tunkiya da ke sa zare ya koma inda yake bayan an ja shi. Kitson ya kwanta, gashi-gashin da ke tashi a samansa ya rufe layukan, sai ka matso kusa kafin ka gane akwai ado a wurin. Na rataye ƙyallen a igiya na maƙala masa maƙalan shanya huɗu a ƙasa, don in ga abin da nauyin riga zai yi masa. Kafin yamma ya ƙara kusan santimita 2, kuma da na cire maƙalan bai koma ba. Wannan zaren na mayafi ne mai zubowa a kafaɗa. Zan ajiye shi don haka.

Audugar ba ta canza awo ba sosai, kitson ma ya fito tsaf saboda sheƙinta. Irin wadda aka tsoma a kostik soda ce, dabarar da John Mercer ya gano a Ingila a 1844, wadda ke sa zaren ya ƙara ƙarfi ya kuma sha rini da kyau. Sheƙin ya zo daga baya, da aka gane a riƙa miƙe zaren yayin tsomawar. Matsalarta nauyi. Na ɗora ƙyallen a sikeli, giram 13, alhali na ulu giram 10. Rigar auduga mai kitso za ta haura rabin kilo, kuma duk nauyin a kafaɗa zai rataya.

Ulun gargajiyan nan da na raina, shi ya tashi da kyau. Kafin wanki yana da kaushi, har yana ɗan warin tunkiya. Bayan wanki ya kumbura, ƙananan ramukan da ke tsakanin idanu suka cike, awo bai motsa ba: ido 22, layi 30. Kitson ya tsaya kamar an sassaƙa shi. Sili huɗun da aka murɗe tare su suka ba zaren jiki zagayayye, zagayayyen zare kuwa shi ke jefa inuwa a gefen kitso.

11 ga Satumba

Na lalata ƙyallen akirilik da hannuna. Gefensa yana nannaɗewa, sai na ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma na danna dutsen guga a kai, kamar yadda nake yi wa auduga. Daƙiƙa kaɗan ne. Da na ɗaga tsumman, kitson ya baje, saƙar ta yi laƙwas tana wani ƙyalli, duk tsalle-tsallen zaren ya mutu. Na sake jiƙa shi, na murza, na shanya, ko gezau. Akirilik roba ce, tun lokacin da kamfanin DuPont ya fara sayar da shi da sunan Orlon wajen 1950 har yau, kuma zafi narkar da roba yake yi ya daskarar da ita a sabon siffa. Tururi daga nesa kaɗai ya kamata in ba shi, ba tare da ƙarfen ya taɓa ba.

Ban yi niyyar zaɓarsa ba dama, don ba ya shan gumi kamar ulu, wanda ke iya ɗaukar danshi kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba. Duk da haka abin ya dame ni, domin akirilik zare ne mai amfani a kayan yara da ake wankewa kullum, kuma na so in ajiye ƙyallen nan lafiya don wani aikin.

14 ga Satumba

Yayata ta zo da wata jaka cike da zare marar takarda, ruwan toka, kaurinsa daidai da nawa. Ta ce, "Ƙanwata, duba ko wannan zai yi miki, ki huta da saye." Na ce, "Yaya, bari mu tambayi wuta tukuna." Muka ajiye kwanon ruwa, na yanko ɗan guntu na riƙe da hantsaki na kai masa ashana. Nan take ya kama, ya narke yana ɗiga, da baƙin hayaƙi mai warin roba, ya bar wani baƙin ƙullutu mai tauri da ba ya murƙushewa. Akirilik ne. Na gwada mata guntun ulu ta gani: ya yi ƙaurin gashi, wutar ta mutu da kanta, tokar ta murmushe a yatsa. Auduga kuma warin takarda take yi, ta bar toka mai laushi. Za mu yi bargon jariri da zaren nata, ita ta ce za ta fara.

16 ga Satumba

Saura gwaji ɗaya ga ulun gargajiya, na ƙaiƙayi. Na soke ƙyallen a cikin wuyan rigata na wuni da shi. A hannu da ƙirji babu damuwa, amma a gefen wuya, wajen la'asar, na fara sosawa. Kaurin silin gashi ake aunawa da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Merino yawanci ƙasa da 24 yake, shi ya sa yake lanƙwashewa idan ya taɓa fata. Gashin da ya haura 30 ba ya lanƙwasa, sokar fata yake yi, kuma ko kaɗan ne a cikin zare ana jin sa. Na yanke shawara: jikin riga da ulun gargajiya, wuyan kuma zan yi shi ninki biyu, na ciki da ragowar merinon nan. A ɗan wuri irin wannan sakinsa ba zai yi ɓarna ba, tunda na waje zai riƙe shi.

Launi: na so shuɗi mai duhu, amma duhu yana haɗiye inuwar kitso. Na koma ruwan ƙasa mai haske.

17 ga Satumba

Lissafi. Ƙyalle 15 a kan 15, murabba'in santimita 225, giram 10. Jikin riga 100 sau 60, wato 6,000. Hannu biyu wajen 2,900. Jimla 8,900, wanda ya kama giram 395. Na sayi curi 8, na duba lambar rini a kowace takarda, duk ɗaya ce.

19 ga Satumba

Na ɗora ido 220 a tsinke mai igiya, wato tsinke biyu da igiya ta haɗa, zan saƙa jikin a zagaye har hammata. Bakin riga da tsinke 3.5, ido biyu saƙar gaba, biyu saƙar baya.

22 ga Satumba

Bakin riga ya gama, santimita 6. Na koma tsinke 4, kitso ya fara.

28 ga Satumba

Yau na warware aikin kwana tara. Tun shekaranjiya nake ganin rigar kamar ta yi ƙanƙanta a kan igiya, ina ce wa kaina ai tsinke ne ya tattare ta. Yau na zura idanun a dogon zare, na shimfiɗa ta a tebur na sa tef: santimita 91. Tara sun ɓace.

Na zauna na bi sawunsu, na same su a wuri biyu. Na farko, kitso yana tsuke saƙa. Ido 40 na kitson, da miƙaƙƙiyar saƙa ce, da sun ba da santimita 18. A kitse 13 suka ba da. Abin yana nan a ƙyallen gwajina ƙarara, rabin kitson ya fi ɗaya rabin tsukewa, amma da na zo lissafi sai na ɗauki awon miƙaƙƙen ɓangaren na shafa wa rigar duka. Na biyu, ƙyallen a shimfiɗe na saƙa shi, layi ɗaya ta gaba, layi ɗaya ta baya. Rigar kuwa a zagaye take, kullum ta gaba. Hannuna ya fi sakewa a layin baya, don haka da layin bayan ya fita daga lissafi sai saƙar ta matse zuwa ido 23. Ido 180 a wannan awo santimita 78 ne, a haɗa da 13, ga 91 nan.

Santimita 14 na saƙa, wajen sa'a 16 na zama. Na cire tsinke na ja zaren, yana fita yana ƙarar nan ta tsit-tsit, ulun yana ɗan maƙalewa saboda ɓawonsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma rigar da ba za ta shiga jiki ba, ci gaba da ita ƙarin asara ne.

29 ga Satumba

Zaren da na warware ya yi cukwi-cukwi kamar gashin da aka tsefe daga kitso. In aka saƙa shi haka, idanun ba za su yi daidai ba. Na naɗa shi a bayan kujera ya zama dogon zobe, na ɗaure wuri huɗu, na jiƙa rabin sa'a, na rataye ba tare da nauyi ba. Ya miƙe sarai. Da zare mai sili ɗaya ne, da warwarar nan ta ci jikinsa. Wannan ko alama bai nuna ba.

Na kuma saƙa sabon ƙyalle, a zagaye wannan karon, na wanke. Ido 23 ya tabbata. Giram 15 ya ci daga zaren riga.

1 ga Oktoba

Sabon lissafi: santimita 87 na miƙaƙƙiyar saƙa sau 2.3, ido 200, da 40 na kitso, 240. Bakin riga zan fara da 228, in ƙara 12 a daidai inda kitso zai tashi, don kada bakin ya yi fiffike a ƙarƙashinsa. Na ɗora.

6 ga Oktoba

Santimita 12. Na auna a kan zare, 100 daidai.

11 ga Oktoba

Na tarar da ƙulli a tsakiyar curi na uku. Na yanke shi. Maimakon in sake ɗaurewa, na buɗe silin bakin kowane zare, na rage biyu daga kowane gefe, na haɗa su a tafin hannu da ɗigon ruwa, na murza har na ji zafi. Suka kama juna kamar ba a taɓa yankewa ba, na ja da ƙarfi bai rabu ba. Ɓawon da ya sa ake tsoron wanke ulun nan shi ne ya yi wannan ɗinki. Na gwada da merino mai jure inji don in gani, ya zame ya rabu. Daga yau haka zan riƙa haɗa kowane sabon curi, babu bakin zaren da zan soke daga baya.

17 ga Oktoba

Hammata. Na raba gaba da baya. Daga nan saƙar a shimfiɗe take, wato layin baya ya dawo, don haka ina yin layin gaba da tsinke 4, na baya da 3.75. Awon ya tsaya a 23, babu wani layi da ke nuna inda aka canza.

23 ga Oktoba

Baya ya gama. Gaba ya kai wuya.

26 ga Oktoba

Na haɗa kafaɗu, na ɗora ragowar zare a sikeli kafin in taɓa hannu: giram 90. Jikin ya ci 295, ƙyalle na biyu ya ci 15. Hannu biyu da wuya suna neman wajen 150. Zare ba zai kai ba. Lissafin 17 ga Satumba an yi shi ne da awon ido 22, kuma ban bar komai na ko-ta-kwana ba. Ya kamata a ce curi 10 na saya tun farko.

Na koma neman ƙari. Launin yana nan, sunansa da lambarsa ɗaya, amma lambar rinin ta canza, tsohuwar ta ƙare. Na karɓi curi biyu, kuɗin da bai shiga tsarina ba. A cikin ɗaki da fitila ba ka raba su. Da na fito da su hasken rana na ɗora sabon a kan rigar, sai ga shi ya ɗan fi ja, kaɗan ƙwarai, amma irin kaɗan ɗin da zai zama layi a damtse idan aka canza zare a wuri guda. Kowace tukunyar rini da halinta, ko da awon garin rinin bai canza ba.

Alhamdu lillahi da na auna kafin in fara hannu. Da na saƙa hannun farko da tsohon zare gaba ɗaya, da na biyun ya fita daban. Yanzu na raba giram 90 ɗin gida biyu, 45 ga kowane hannu. Zan fara daga kafaɗa da tsohon zare zalla, inda hannu ke manne da jiki, sannan in shigo da sabo, zagaye ɗaya tsoho zagaye ɗaya sabo, har tsohon ya ƙare. Bakin hannu da wuya sabo zalla, tunda can salon saƙar ya canza, ido ba zai kama bambancin ba.

30 ga Oktoba

Hannun dama ya wuce gwiwar hannu. Wurin da nake musayar zare yana ƙarƙashin hannu, ina ɗauko na ƙasa ba tare da na murɗe su ba, kuma ba na ja. Na fita da shi rana, ban ga layi ba. Na ba Yaya ta nemo inda sabon ya shigo, ta juya shi sau biyu ta nuna wurin da ba shi ba.

5 ga Nuwamba

Hannun dama ya sauka. Na hagu ya fara.

12 ga Nuwamba

Hannu biyu sun gama. Wuya: santimita 4 da ulun riga, layi ɗaya na ninki, santimita 4 da merino da tsinke 3.25 don in rage masa saki. Na ninka ciki na ɗinke da sassauci, kai yana wucewa ba takura.

14 ga Nuwamba

Wankin farko. Ruwa mai ɗumi kaɗan, sabulun ulu, na danna ta ciki na bar ta minti 20 ban cuɗa ba. Ruwan ɗauraya ma ɗuminsa ɗaya da na farko, domin sauyin zafi da sanyi kwatsam na cikin abin da ke motsar da ulu. Rini bai zuba ba. Na tallabo ta da hannu biyu kamar jariri don kada nauyin ruwa ya ja ta, na naɗe a tawul na taka, na shimfiɗa na daidaita da tef. Kitson ban miƙe shi ba, na dai tsuke shi da yatsu ya tashi.

16 ga Nuwamba

Ta bushe. Ƙirji 101, tsawo 60, nauyi giram 452. Zaren da ya shiga aikin: curi 5 na gwaji, 10 na riga, ragowar giram 40 da na ajiye da takardarsa don gyaran gwiwar hannu wata rana. Na sa ta tun safe, wuya bai yi ƙaiƙayi ba. A hammata na ga ƙananan ƙullutai sun fara tashi inda hannu ke gogar jiki, zan bar su sai bayan sawa biyar in tsince, in ga ko za su dawo.

Na rubuta tsarin a tsabtace, da awo biyu a samansa, na zagaye da na kitso, kowanne bayan wanki. Aiki na gaba rigar zafi ce da zaren lilin. Curi ɗaya na gwaji yana kan tebur, yana da tauri kamar igiya, kuma lilin sai ya sha wanki yake laushi, don haka ƙyallensa sau uku zan wanke kafin in sa masa tef. Zan kuma saƙa shi da faɗi, santimita 20, in ga ko zai karkace gefe guda.